Gidanmu Ba Abin Da Ke Faruwa, A Ina Zan Samo Labari?

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Gusau, 'ya'yana uku, muna zaune a gidan gandu tare da surukata da facalolina biyu. Tun ina sakandare nake son rubuta labari, yanzu ma ina ɗan taɓawa a waya idan yara sun yi barci. Matsalata ita ce duk abin da na fara sai in ga na taɓa karanta irinsa: ɗan mai kuɗi ya dawo daga waje, ya haɗu da 'yar talakawa, uwarsa ta ce ba ta yarda ba. Ni kuwa ba na zuwa ko'ina, daga girki sai wanki sai raka yara Islamiyya. Ba abin da ke faruwa a gidanmu da za a kira labari. Sau ɗaya na rubuta wani saɓani da aka yi tsakanin facalolina, na canza sunaye na tura a wani zauren WhatsApp, ashe ƙanwar mijina tana ciki, ta kuwa gane. Har yau gaisuwa kawai ke haɗa ni da ɗaya daga cikinsu, maigidana kuma ya ce in daina tona masa asirin gida. Don Allah a ina marubuta suke samo labari? Kuma rubuta abin da ya faru a gida giba ne?

Ƙanwarki a Gusau

Wa alaikumus salam wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ƙanwata, zan fara da maganar da kika yi cewa ba abin da ke faruwa a gidanku, domin ban yarda da ita ba. Sake duba abin da kika rubuto. Tsohuwa ɗaya ce da matan 'ya'yanta uku a tsakar gida ɗaya. Ga ƙanwar miji da idonta ke kan kowa. Ga namiji da aka sa a tsakiya, matarsa a gefe, 'yan'uwansa a gefe. Ga mace da kuke shanya a igiya ɗaya amma ba abin da ke haɗa ku sai "ina kwana". Sabo ne ya rufe miki ido, don abin da mutum ke gani kullum yakan daina lura da shi.

Dalilin da ya sa labaranki ke kama da na kowa kuwa a fili yake: daga littafi kike ɗebo su. Wadda ta rubuta wanda kika karanta ita ma daga wani ta ɗebo, har aka wayi gari ɗan mai kuɗin nan guda ɗaya ne ke ta sauka a filin jirgi a littattafai barkatai, suna kawai ake sauya masa. Ban hana ki rubuta soyayya ba, kuma ban raina masu rubuta ta ba. Su suka riƙe karatun Hausa tun shekarun 1980 da aka fara buga ƙananan littattafai a Kano, kuma mata da yawa ta nan hannunsu ya faɗa a karatun boko. Amma idan kika zo siffanta falon da ba ki taɓa shiga ba, dole ki ari kalmomin wata, mai karatu kuma yana gane kayan aro. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Madafin gidanku, da layin banɗaki da asuba, da yadda muryoyi ke sauka idan babban wa ya yi sallama, babu marubuciyar da ta fi ki sanin su. Ki tuna littafin Balaraba Ramat Yakubu na 1990, Alhaki Kuykuyo Ne. Labarin mace ne da mijinta ya ƙaro aure ya kore ta da 'ya'yanta, ta kama sayar da abinci don ta riƙe su. Abin da ke faruwa a lungunan garuruwanmu ne, amma shi aka fassara zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012.

To ta ina ake kama labari a gida? A ganina, ki nemi wurin da wani yake son wani abu amma ba shi da bakin faɗa. Gidan Bahaushe cike yake da irin wannan, saboda kunya da kara da kawaici sun hana mu faɗin rabin abin da ke ranmu. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, balle ta nuna tana kewarsa. Matar ɗa ba ta iya ce wa uwar mijinta ta gaji. Ƙane ba ya iya ce wa wansa abin da yake zubawa a cefanen gida ya yi kaɗan. Maganar da aka haɗiye ba ta ɓacewa, sai ta ɓullo ta wata hanya, kuma yawanci a kan kaya take ɓullowa: kwano, makulli, tsokar nama, turmin atamfa, cajar waya. Su za ki sa wa ido.

Bari in nuna miki da makullin sito. A ce shekara 30 yana ɗaure a bakin zanin Hajiya, ita ke auna wa duk mai girki shinkafa da mai. Sai tsufa ya fara taɓa ta. Yau ta auna sau biyu ta manta, gobe ta bar ƙofa a buɗe awaki su shiga. Babban ɗanta ya ga ya kamata makullin ya koma hannun matarsa, amma ya kasa duban idon mahaifiyarsa ya faɗa mata, sai ya sayo sabon kwaɗo da daddare ya sauya. Da safe Hajiya ta fito tana dogara sanda, ta kwance makulli daga bakin zani, ta zura, ya ƙi shiga. Ta juya shi ta sake zurawa. Matan gida uku duk suna nan. Ɗaya ta duƙufa kan wanke-wanke, ɗaya ta hau yi wa yaro faɗa a kan laifin da bai yi ba, ta ukun, wadda sabon makullin ke ƙarƙashin filonta, ta shige ɗaki. Hajiya ta tsaya jim, ta mayar da makullinta ta ɗaure a inda yake, sannan ta ce, "Yau wa ke da girki?"

Ba wanda ya ɗaga murya a nan, ba wanda ya yi kuka, amma duk wadda ta taɓa zama da tsohuwa za ta ji shi har cikin ranta. Daga nan kuma tambayoyi ne za su riƙa jan ki. Me ya sa ta ci gaba da ɗaure makullin da ba ya buɗe komai? Wadda aka ba sabon, murna take yi ko fargaba? Matar ƙane za ta yarda facalarta ta riƙa auna mata mai da cokali? Ranar da aka gano Hajiya ta aiki jikanta ya sayo mata tiyar shinkafa ta ɓoye a bayan gado, da wane ido ɗanta zai dube ta? Ki amsa waɗannan ɗaya bayan ɗaya, za ki ga kin cika shafuka ba ki sani ba, kuma ba mugu ko ɗaya a cikin labarin. Kowa yana da hujjarsa, shi ya sa yake da ciwo.

Ki kuma bi sawun kuɗi a gida, don ba abin da ke fito da halin mutane irinsa. Wa ya san ranar da za ki kwashi adashe, kuma wa ke fara rashin lafiya a makon? Ki tuna ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya sauya takardun naira 200 da 500 da 1000, ya sa wa'adin daina karɓar tsofaffi. Tsofaffin da kullum ke cewa ba su da ko sisi sai ga su suna zaro ƙulli daga ƙarƙashin katifa da cikin kwalla. Da yawansu ba su da asusun banki, dole su damƙa wa wani ɗa ko jika ya kai musu. To wa ta zaɓa, kuma me ya sa ta tsallake babban? Shi wanda aka damƙa wa, ga masu bin sa bashi sun sa shi a gaba, duka ya kai? Ita kuma me take tara kuɗin ta yi da su, Umara, ko likkafani, ko kayan ɗakin jikar da take riƙo? Abin ya shafi ƙasa baki ɗaya, amma a ɗakin tsohuwa ɗaya za ki ba da shi. Haka bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya sa dangi suna auna wane biki za a je, wane za a buga waya a ce a yi haƙuri. Akwai labari a wurin ƙanwar da ta haihu a wani gari, ta dafa abincin suna na mutum ashirin daga gidansu, mutum biyu suka zo.

Tunda a Gusau kike, akwai abin da ke gabanki wanda ya fi waɗannan nauyi. Rashin tsaro ya koro mutane da yawa daga ƙauyukan Zamfara, sun sauka a gidajen 'yan'uwa a cikin gari. Manomin da ya saba aiko da buhun gero da dawa kowace kaka, yau shi ke zaune a zauren ƙaninsa yana jiran a miƙo masa kwano. Matarsa, uwargida mai faɗa a ji a gidanta, yau sai ta nemi izini kafin ta ɗebi ruwa a randa. Mai masauki yana son ɗan'uwansa har zuciya, amma buhun da ke kai wata yanzu mako biyu yake yi, kuma matarsa ta fara ajiye ludayi da ƙarfi. Ba sai kin shiga daji kin rubuta harbe-harben da ba ki gani ba. Abin da bala'in ya yi wa zumunci a tsakar gida shi ne naki, kuma kaɗan ne suke rubuta shi. Sai dai ki rubuta mutanen nan da mutuncinsu. Kada ki mayar da su abin tausayi kawai, domin suna da fushi da raha da girman kai irin na kowa.

Ranakun taro ma ki buɗe kunne: suna, jego, jeren ɗaki, rabon naman layya, musamman zaman makoki. Kishiyoyi biyu da ba sa ga maciji za su zauna takaba wata huɗu da kwana goma a gida ɗaya, wanda suke kishin a kansa kuma ya tafi. Me za su ce wa juna a dare na arba'in, bayan baƙi sun watse? Ranar rabon gado matan mamaci za su raba tumuni tsakaninsu idan ya bar 'ya'ya, namiji ya ɗauki rabon mata biyu, ɗan riƙo da agola kuwa ba su da kaso. Ki dubi ɗan riƙon da ya tashi a gidan tun yana yaye, shi ya yi jinyar tsohon, shi ya riƙa juya shi a shimfiɗa, ranar rabo yana zaune a bakin ƙofa yana zuba wa malamai ruwa. Shari'a ta yi hukuncinta daidai. Abin da ya rage, wato ko magada za su tuna da shi, a nan labarinki yake.

Surukarki kuwa, kina da taska a gida ba ki buɗe ba. Ki samu yammacin da take cikin nishaɗi ki ce za ki tsefe mata kai. Kada ki ce "Hajiya ba ni labari", za ta ce ba ta da shi, kamar yadda kema kika ce. Ki tambaye ta ƙananan abubuwa. Nawa aka biya sadakinta, da fam ne ko da naira? A 1973 naira ta maye gurbin fam, amsarta kaɗai za ta nuna miki zamanin. Me suka ci a farin 1973 zuwa 1974? Da aka zo ɗibar yara makaranta a shirin ilimin firamare kyauta na 1976, wa aka bayar, wa aka ɓoye? A canjin kuɗin 1984 ina ta kai nata? Wa ya raka ta ɗakin miji, kuma me ta fara dafawa? Tsohuwar da kike gani a matsayin mai sa ido a tukunyarki, ita ma ta taɓa zama amaryar da ake sa wa ido. Idan ta ba ki abin da kike so ki yi amfani da shi, ki nemi izininta tukuna.

Duk abin da kika tsinta ki adana a wuri ɗaya a wayarki, ki sa masa lambar sirri. Guntu-guntu za ki riƙa ajiyewa: jimla ɗaya yadda aka faɗe ta, yadda wata ke kakkaɓe zani idan ranta ya ɓaci, abin da yaro ya tambaya kowa ya yi shiru. Ki bar su su kwana biyu. Bayan wata da watanni za ki ga guntun wancan gida ya manne da na wannan, sun haifi mutumin da ba kowa ba ne a danginki.

Yanzu ga tambayarki ta biyu, kuma ba zan ɓoye miki ba. Abin da kika yi wa facalarki bai dace ba. Manzon Allah (SAW), a hadisin da Muslim ya ruwaito, ya bayyana giba da cewa ka ambaci ɗan'uwanka da abin da ba ya so. Da aka ce masa idan abin gaskiya ne fa, sai ya ce in yana da shi ka yi gibarsa, in ba shi da shi ka yi masa ƙage. Aya ta 12 a Suratul Hujurat kuma kin san da me ta kwatanta mai yin ta. Canza suna ba ya wanke ki matuƙar waɗanda suka san ta za su karanta su nuna ta da yatsa, kuma ga shi an nuna. Ina kuma kyautata zaton a labarin kin ɗauki ɓangare, kin wanke ɗaya kin shafa wa ɗaya baƙi, a gaban mutanen da ba za ta iya zuwa ta kare kanta a wurinsu ba. Wannan shi ya fi yi mata zafi.

Saboda haka kafin ki sake rubuta komai, ki goge wancan daga inda kika tura, ki roƙi masu kula da zauren su cire shi. Sannan ki taka da ƙafarki zuwa ɗakinta lokacin da ba kowa. Ban da saƙon waya, ban da aiken yaro. Ki ce mata kin yi kuskure, ta yafe miki don Allah, kuma kada ki biyo bayansa da "amma ai ban ambaci sunanki ba". Idan ba ta sake ba a ranar, ki ba ta lokaci, ki ci gaba da kyautata mata. Ku ne za ku aurar da 'ya'yan juna a gidan nan.

Wannan bai rufe miki ƙofar rubutu ba. Abin da ake ɗauka daga gida shi ne ciwon, mutanen kuma a bar su a inda suke. A ce asalin rigimar facalolinki ɗaya tana ganin an fifita 'ya'yan ɗaya a wurin kaka. To ciwon shi ne fifiko. Ɗauke shi ki kai wani gari, ki ɗora wa 'yan'uwa maza biyu masu shago ɗaya a kasuwa, ko malamai biyu a Islamiyya ɗaya, ko ya da ƙanwa da suka haɗu a jinyar uwarsu a asibiti. Ki sauya shekaru, ki sauya sana'a, ki sauya yadda abin ya ƙare. Ki haɗa halin mutum uku a jikin mutum ɗaya. Kafin ki saki labari ki tambayi kanki: da ƙanwar mijina za ta karanta wannan, akwai wanda za ta ce wane ne? In akwai, bai nuna ba tukuna. Kada ki yi rubutu ranar da ranki ke ɓace da mutum, don alƙalami zai zame miki sandar rama duka. Kuma duk wadda kike ganin ita ce mai laifi, ki gwada rubuta babi guda da bakinta, tana ba da nata uzurin. In kin kasa sama mata uzuri ko ɗaya, ba ki fahimce ta ba tukuna, kuma labarin zai fito da gurguwar ƙafa.

Akwai kuma abubuwan da ko an sauya musu kama ba a taɓa su: abin da aka gaya miki bisa amana, ciwon da mai shi ke ɓoyewa, sirrin shimfiɗar wasu, da laifin da Allah Ya rufa wa bawansa asiri a kai. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Sunan alƙalami ma ba ya halatta waɗannan.

Maigidanki kuwa, ki lura da abin da ya ce. Cewa ya yi ki daina tona masa asirin gida, kuma yana da gaskiya. Bai ce ki ajiye rubutu ba. Ki same shi a natse ki ba shi haƙuri, ki gaya masa kin je kin nemi gafarar matar ɗan'uwansa, sannan ki roƙe shi ya zama shi ne mai fara karanta duk abin da za ki fitar. Zai samu natsuwa, ke kuma kin samu idon da ya san gidan, wanda zai gano miki kamannin da kika manta ba ki goge ba. Idan ya ce kada ki ƙara turawa a zauren da dangi ke ciki, ki amince.

Ki fara da gajere. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara shirya wa mata a 2016 yawanci kalmomi 1000 zuwa 1500 take nema, kuma wannan tsawon ya ishe ki gwaji ko ba za ki shiga gasa ba. Ki zaɓi abu ɗaya a tsakar gida, mutum biyu da ke son sa, da yini ɗaya tak. Ki rubuta shi har ƙarshe kafin ki koma gyara, ki ajiye shi mako guda, sannan ki karanta wa kanki a bayyane. Duk inda kika ji mutanen suna magana irin ta littafi, ki goge ki sa yadda za a faɗe ta a madafinku.

Allah Ya daidaita tsakaninki da 'yar'uwarki, Ya sa albarka a alƙalaminki.